Sharhinmu: Iskar Kabon Da Rumbunan Adar, A Kafa Doka Kafin A Buɗe Tukunya

Duk shekara, da zarar an gama roron wake, an ɗaure dammunan hatsi an kai gida a ƙasar Adar, sai wani sabon yaƙi ya tashi wanda ba a yi masa shela a rediyo. Manomin Kalfu da na Barmu da Afala da Takanamat da Keita, wanda ya sha fama da ƙarancin ruwan sama da fara da tsuntsaye tun daga shuka har zuwa kaka, yanzu kuma ga shi gaba da gaba da ƙwarin ajiya. Ƙwaron wake tun a gona yake saka ƙwansa a jikin kwanso, tsutsar ta huda ta shige cikin ƙwayar, ta ci ta girma a can, kuma a irin zafin da muke da shi ba ya cika wata guda ya sake hayayyafa. Buhun da aka ɗinke lafiya lau a watan Oktoba, idan ba a yi masa wata dabara ba, kafin bazara ya koma huji da gari.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce ga ƙasar da ke bin Najeriya a matsayi na biyu wajen noman wake a duniya, wadda a shekara mai kyau take samun sama da tan miliyan 2. A arewacin jihar Tawa, inda ruwan shekara ba ya wuce milimita 300 zuwa 400, wake shi ne kuɗin magidanci. Da shi ake biyan bashi, da shi ake aurar da ɗiya, da shi ake sayen hatsi idan rumbu ya yi ƙasa. Kowa kuma ya san yadda farashi ke tafiya: tiya tana arha da kaka, ta yi tsada idan damina ta kama. Tsoron ƙwari ne ke tilasta wa talaka sayarwa a lokacin arha, daga baya ya koma kasuwa ya sayi abin da ya noma da tsada. Waɗanda suka ga yunwar 2005, wadda ta yi wa jihohin Tawa da Maraɗi mummunan kamu, ba sa bukatar a yi musu bayanin darajar abin da ke cikin rumbu.

To, da me ake yaƙar waɗannan ƙwari a yau? Duk wanda ya zagaya kasuwar Lahadi ta Tawa ko kasuwannin ƙauye zai ga amsa a shimfiɗe bisa tabarma. Ga ƙwayar Phostoxin da danginta ana sayarwa ɗaya-ɗaya, ga fiya-fiya a cikin kwalaben da babu rubutun komai a jikinsu, ga gari iri-iri a ƙulle cikin leda. Ita ƙwayar Phostoxin, kowace guda mai nauyin giram 3 tana sakin giram 1 na iskar fosfin da zarar ta sha danshi, kuma wannan iska guba ce da har yau likitoci ba su da makarinta. A ƙa'ida, ƙwararren ma'aikaci ne kaɗai ya kamata ya taɓa ta, a wuri rufaffe, nesa da inda mutane ke kwana. Amma a aikace sai a naɗe ta a tsumma, a tura cikin buhu, a jingine buhun a ɗakin da uwa da ƴaƴanta ke barci. Shi kuwa fiya-fiya, wanda yawancinsa sinadarin dikulobos ne, yayyafa shi ake yi kai-tsaye a kan waken da za a dafa a ci.

Maƙwabtanmu sun riga sun ɗanɗana kuɗar wannan sakaci. A watan Yuni na 2015 Tarayyar Turai ta rufe ƙofarta ga busasshen waken Najeriya, bayan an yi ta samun dikulobos a cikinsa daga miligiram 0.03 har zuwa 4.6 a kowane kilo, alhali iyakar da aka yarda da ita 0.01 ce, kuma aka yi ta tsawaita haramcin shekara da shekaru. Kada wani ya ce wannan matsalar Najeriya ce. Waken Adar mai yawa ta Birnin Ƙonni yake ƙetarawa zuwa Illela da Sakkwato, wani har kasuwar Dawanau ta Kano, kuma ta wannan hanya ɗin ce magungunan suke shigo mana. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

A daidai wannan hali ne duniya ke ƙara karkata zuwa wata hanya ta turara hatsi da ba ta barin guba a baya, wato amfani da iskar kabon dayokzaid, wadda masana ke rubutawa CO2. Dalilai biyu ne suka kawo haka. Na farko, iskar metil buromaid, wadda a da ita ce sarauniyar turaren mangaza, an kawar da ita a ƙarƙashin Yarjejeniyar Montreal saboda ɓarnar da take yi wa sararin samaniya: ƙasashe masu arziki sun bar ta a 2005, masu tasowa kuma a 2015, sai ɗan abin da aka bari don kayan da ke ƙetare iyaka. Na biyu, ƙwari a nahiyoyi da dama sun fara jure wa fosfin, musamman a inda ake sa ta a wurin da ke yoyo ko a buɗe kafin lokaci, ta kashe raunana ta bar masu ƙarfi su hayayyafa.

Ita iskar kabon ba baƙuwa ba ce gare mu. Ita muke fitarwa duk lokacin da muka yi numfashi, ita ce ke tasowa a cikin lemun kwalba, ita ce kuma ke kumbura ƙullun waina da burodi. A cikin iskar da muke shaƙa, ba ta wuce kashi 0.04 cikin 100 ba. Idan za a yi turare da ita, ana lulluɓe tarin buhuna da leda mai kauri a liƙe ko'ina, ko a rufe rumbun ƙarfe ruf, sai a tura iskar daga tukunyar gas har ta kori iskar da ke ciki. Abin da ake bukata shi ne ta zauna sama da kashi 35 cikin 100 na tsawon kamar kwana 15. A cikin wannan hali ƙwaro yana suma, ƙofofin numfashinsa suna zama a buɗe, ruwan jikinsa ya ƙone, ya mutu, daga ƙwai da tsutsa har babba. Idan aka buɗe, iskar ta watse, ba ta barin wari, ba ta barin ɗaci, ba ta kuma barin wani saura da zai cutar da mai ci. Ostireliya ta daɗe tana bincike a kan wannan, Indunusiya kuma ta yi amfani da shi wajen ajiye shinkafar gwamnati tun cikin shekarun 1980.

Abin da ya ja hankalinmu, wanda kuma shi ne dalilin wannan sharhi, shi ne yadda hukumomin ƙasashen da suka ci gaba suka ɗauki wannan iska. Duk da cewa kowa na fitar da ita daga hancinsa, ba su ce ai ba komai a bar kowa ya yi yadda ya ga dama ba. A Amurka, hukumar kare muhalli ta EPA ta yi mata rajista a matsayin maganin ƙwari tun farkon shekarun 1980, ta sake bin diddiginta a 1991, kuma dokarsu ta wajabta sake duba kowane maganin ƙwari duk shekara 15, har da ita. A Tarayyar Turai ta shiga jerin abubuwan da aka amince da su a 2009, hukumar kula da lafiyar abinci ta EFSA ta sake tantance ta, sannan aka sabunta izininta a 2022. Har ma akwai wani labari mai ban sha'awa: a 2016, lokacin da wasu manyan biranen Amurka irin su Shikago da Boston suka fara cusa daskararriyar iskar kabon a ramukan ɓeraye, hukumar EPA ta sanar da su cewa doka ba ta yarda ba, tunda ba a yi wa abin rajista don wannan aiki ba. Sai a 2017, bayan an yi rajistar, aka koma aikin bisa ƙa'ida.

Me wannan bincike ya gano? A taƙaice, abu biyu. Ta fuskar abinci, babu abin tsoro, shi ya sa Amurka ba ta ma sa mata iyakar saura a jikin hatsi ba kamar yadda ake yi wa sauran magunguna. Amma ta fuskar mutumin da ke aikin da wanda ke kusa, akwai haɗari babba. Iyakar da aka yarda ma'aikaci ya shaƙa a tsawon awa 8 ita ce kashi 0.5 cikin 100. Idan ta kai kashi 4, ana ɗaukar wurin a matsayin mai barazana ga rai nan take. Daga kashi 7 zuwa 10, mutum na iya faɗuwa sumamme cikin ƴan mintoci. Sai mai karatu ya kwatanta waɗannan da kashi 35 zuwa 60 da ake turara hatsi da shi. Ga shi ba ta da launi, ba ta da warin da zai gargaɗi mutum, kuma ta fi iskar da muka saba da ita nauyi kusan sau ɗaya da rabi, don haka takan gangara ta kwanta a ƙasa, a rami da kwari da ƙasan ɗaki, daidai inda yaro ke rarrafe, inda mai gadi ke shimfiɗa tabarmarsa.

Saboda haka ne sharuɗɗan da aka gindaya a can suka ta'allaƙa kacokan a kan kare mutum: a kafa alamar gargaɗi a kowace ƙofa, kada a bar kowa ya shiga sai an buɗe an sha iska, a auna da na'ura a tabbatar ta sauka ƙasa da kashi 0.5, kuma wanda dole ta sa ya shiga kafin nan ya goya tukunyar iskarsa ta numfashi. Ƙyallen rufe hanci ko takunkumin feshin gona ba sa tsinana komai a nan.

Mu a wannan yanki na Afirka ba sai an je nesa ba kafin a nuna mana ƙarfin wannan iska. A daren 21 ga Agusta 1986, tafkin Nyos na ƙasar Kamaru ya yi aman iskar kabon, ta gangara kwaruruka ta kashe mutane sama da 1,700 da dabbobi kimanin 3,500, yawancinsu suna cikin barci. Shekara biyu kafin nan, tafkin Monoun ya kashe mutum 37 ta wannan hanya. A gida kuma, masu haƙar rijiya da masu yasarta a Adar da Azawak, inda rijiyoyi ke da zurfin gaske, sun daɗe da sanin muguwar iskar da ke kwanciya a ƙasan rijiya, shi ya sa dattawansu ke zura fitila kafin mutum ya sauka. Dabara ce mai kyau wadda ta ceci rayuka, sai dai ya kamata a sani cewa ba ta isa ba: wuta na iya ci gaba da ci a wurin da iskar kabon ta riga ta kai matakin sumar da mutum. Haka kuma kada a haɗa ta da hayaƙin gawayi ko na janareto da ke kashe mutane a rufaffen ɗaki lokacin sanyi. Wancan wata iskar ce daban, mai suna kabon monokzaid, ko da yake ƙarshen duka biyun makabarta ce idan aka yi wasa.

Wani abin alfahari shi ne, asalin wannan ilimi ba baƙo ba ne a Adar. Manyan rumbunan ƙasa da ake ginawa a garuruwanmu, waɗanda baƙi ke tsayawa ɗaukar hotonsu, idan aka cika su aka shafe bakinsu da laka, rage shigar iska ake yi. Tsofaffin matan da ke cakuɗa irin wake da toka ko rairayi su liƙe bakin tulu, su ma toshe wa ƙwaro hanyar numfashi da motsi suke yi. Abin da kimiyya ta ƙara shi ne buhu mai ciki uku da ake kira PICS, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Larry Murdock, suka faro bincikensa a arewacin Kamaru a ƙarshen shekarun 1980, aka kuma fara yaɗa shi a Nijar daga 2007 tare da cibiyar binciken noma ta ƙasa, INRAN, inda Dokta Ibrahim Baoua da abokan aikinsa na Maraɗi suka taka muhimmiyar rawa. Leda biyu ne masu kauri a cikin buhu ɗaya saƙaƙƙe, ana ɗaure kowanne daban. Ƙwarin da ke ciki su da kansu suke shanye iskar oksijin, su cika buhun da iskar kabon, sai su daina ci, su daina haihuwa, su bushe su mutu. Babu tukunyar gas, babu guba, babu kuma haɗari ga wanda ke kwana kusa da buhun.

Ke nan ga ƙaramin manomi, amsa ta riga ta zo gida. Inda maganar tukunyar gas za ta taso shi ne manyan wuraren ajiya: mangazun hukumar OPVN mai riƙe da tanadin cimakar ƙasa, mangazun manyan ƴan kasuwar hatsi na birnin Tawa, bankunan cimaka na ƙauyuka, da kuma ɗakunan jinginar amfanin gona, wato tsarin da ya bazu a Nijar tun ƙarshen shekarun 1990, inda ƙungiyar manoma ke ajiye kaya a karɓi bashi a kai, a sa kwaɗo biyu a rufe wata da watanni. A irin waɗannan wurare ne ake tara tan ɗaruruwa, a nan ne kuma ake zuba fosfin da yawa. Ba mu shakkar cewa ko ba daɗe ko ba jima wani ɗan kasuwa ko wani shirin agaji zai zo da tayin iskar kabon, da kyakkyawar hujjar cewa ba ta da guba. Fargabarmu ita ce wannan kalma ta "ba ta da guba" ta shiga kunnen ɗan dako da mai gadi kafin kalmar "tana kisa" ta iso.

Ba za mu ce babu doka a ƙasa ba. Tun 1992 ƙasashen ƙungiyar CILSS suka amince da ƙa'ida guda ta tantance magungunan ƙwari, aka sake gyara ta a 1999, kuma kwamitin ƙasashen Sahel mai wannan aiki, wato CSP, da ke zama a Bamako, ya fara aiki tun 1994. Shi ke ba da izinin wucin-gadi na shekara 3 ko cikakken izini na shekara 5, wanda ke nufin mu ma tsarinmu ya tanadi sake dubawa lokaci bayan lokaci. A cikin gida akwai doka mai lamba 2015-35 ta ranar 26 ga Mayu 2015 game da kare tsirrai, akwai kuma babbar ma'aikatar kare tsirrai, DGPV, da rassanta a jihohi. Matsalarmu ita ce tazarar da ke tsakanin takarda da tabarmar ɗan kasuwa. Ƙungiyar majalisun manoma ta RECA ta sha zagaya kasuwanni tana wallafa jerin magungunan da ta tarar, kuma abin da take nunawa a kai a kai shi ne waɗanda ba su da izini sun rinjayi masu izini. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Mun san akwai masu cewa, ana fama da gubar da ke kan tabarma, ina ruwanmu da ɗora wa iskar numfashi takardu da sharuɗɗa? Suna ganin duk wani sharaɗi zai ƙara tsada ne kawai, ya sa ɗan kasuwa ya koma wa ƙwayarsa mai arha. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, domin ko ba sharaɗi iskar kabon ba mai arha ba ce: ana bukatar ta da yawa, tukwanenta na ƙarfe ne masu nauyi, ga nisan kusan kilomita 550 daga Yamai zuwa Tawa, ga kuma yawancin mangazunmu da ba a gina su don riƙe iska ba. Amma amsarmu ita ce, irin wannan tunani ne ya kai mu inda muke da fosfin. Ita ma da ta shigo, da sharaɗin ƙwararru ta shigo, aka yi ta sassautawa har ta koma abin da yaro ke aikowa a saya. Ranar da aka tarar da mai gadi ko ƴan dako biyu a kwance a mangaza, jama'a za su tsani hanyar baki ɗaya, su koma wa fiya-fiya, mu yi gudun gara mu faɗa gidan zago. Sharaɗin da aka kafa da wuri shi ne zai kare mutuncin wannan hanya mai amfani.

Don haka muna kira ga hukumomin da abin ya shafa da su ɗauki matakai tun yanzu, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. Da farko, ma'aikatar noma ta fito fili ta bayyana cewa duk wanda zai yi turaren hatsi da iskar kabon ta tukunya, ko kamfani ne ko shirin agaji, sai abin ya bi ta hannun kwamitin CSP kamar kowane maganin ƙwari, kuma sai ma'aikacin da DGPV ta horar ta ba shi lasisi. A rubuta sharuɗɗan a sarari: nisan mangaza da gidajen kwana, alamar gargaɗi, na'urar aunawa, tsawon lokacin shan iska, da wanda zai ɗauki alhaki idan an yi asarar rai. Alamar gargaɗin kuma kada ta tsaya a Faransanci. A rubuta ta da Hausa da Tamajak, da boko da ajami, a sa hoton da wanda bai yi karatu ba zai gane.

Na biyu, kafin a yaɗa, a gwada a ƙasarmu. Abin da aka auna a Turai an auna shi ne a cikin rumbunan ƙarfe da sanyin Turai. Muna da INRAN, muna da sashen koyar da aikin gona a Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa. A ba su mangaza ɗaya ko biyu su gwada a zafin Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40, su ga yadda leda ke jurewa, yawan iskar da tan guda na hatsi ko wake ke sha, kuɗin da abin zai ci idan aka kwatanta da buhun PICS, da kuma ko iri zai tsiro bayan an buɗe. Sakamakon kuma a karanta shi a gidajen rediyon karkara, kada ya ƙare a cikin durowar ofis.

Na uku, kuma wannan ya fi kowanne gaggawa, a kwashe Phostoxin da fiya-fiya daga kan tabarma. Zai zama abin dariya a tsaurara wa iskar kabon alhali abin da ya fi ta kisa nesa ba kusa ba yana hannun kowa. Jami'an kare tsirrai da na kwastan a Ƙonni da sauran mashigai, da hukumomin gari masu karɓar kuɗin rumfa duk ranar kasuwa, duk sun san masu sayarwa. Muna kuma roƙon sarakunanmu da limamai da su sa baki, domin wanda ya zuba guba a abincin da zai sayar wa ɗan'uwansa Musulmi ya ci amana, ko da riba yake nema.

Na huɗu, idan an hana mutum abu, sai a ba shi madadinsa. A tabbatar buhun PICS na ainihi yana isa Tebaram da Takanamat da Bagarwa da Abalak kafin kaka, a farashin da talaka zai iya, a kuma sa ido kan jabun buhuna masu siririyar leda da ke ɓata sunan na ƙwarai. Malaman gona su ci gaba da tunatar da jama'a ƙa'idojin nan masu sauƙi: a shanya wake ya bushe sarai, a duba leda ko ta huje, a matse iska kafin a ɗaure, a ɗora buhu bisa katako nesa da ɓera, kada a riƙa buɗewa ana ɗiba, kuma kada a ƙara ko ƙwaya ɗaya ta magani a ciki da sunan ƙarin tsaro.

Na biyar, ma'aikatar lafiya ta sa asibitin jiha na Tawa da likitocin gundumomi su riƙa rubuta duk wanda aka kawo da alamar ya ci ko ya shaƙi maganin ajiyar hatsi, a tattara alƙaluman duk shekara a miƙa wa masu tantancewa. Ƙasashen da muka ambata suna iya sake duba maganinsu ne saboda suna da rubutaccen bayanin abin da ya faru bayan sun ba da izini. Mu kuwa, iyali su ci tuwo da wake su kwana suna amai, a ce tsautsayi ne, a wuce wurin. Babu shakka komai da ƙaddara, amma addininmu bai hana bincike da rigakafi ba, hasali ma ya yi umarni da kiyaye rai.

Matsayin wannan jarida a bayyane yake. Muna maraba da duk hanyar da za ta raba abincinmu da guba, kuma iskar kabon tana cikin mafi tsabtar hanyoyin da ake da su a yau. Muna son ganin ranar da za a loda waken Adar a mota, mai saye a Kano ko Akara ko ma Turai ya karɓa ba tare da ya shinshina ba. Amma muna son ranar ta zo ba tare da an yi jana'izar ko da ɗan dako ɗaya ba. Idan ƙasashen da ke da na'urori da asibitoci da ƙwararru sun ga ya dace su zauna su tantance iskar da suke fitarwa daga ƙirjinsu kafin su ba da izinin turara hatsi da ita, mu da ba mu da ko rabin abin da suke da shi mun fi su bukatar yin hakan. Ma'aikatar noma da DGPV da hukumomin jihar Tawa suna da lokaci a hannunsu yanzu, tun tukunyar farko ba ta sauka a mangaza ba.

Allah Ya sa masu iko su ji, Ya albarkaci abin da muka noma, Ya kuma kare mu daga sharrin abin da muke ajiyewa da hannunmu.